Sharhi kan aikin masu magance tsatsa a bututun sanyaya injuna a Kakuri

Masana'antar roba da nake kula da injunanta a Kakuri da ke Kaduna ta ɗauki wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi domin magance yoyon da ya addabi layin ruwan sanyaya injuna, kuma a ganina aikinsu ya cancanci kuɗin da aka biya, ko da yake akwai inda suka gaza.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi gaggawar zuba magani a ruwa ba. Sai da suka bi layin gaɓa-gaɓa, suka nuna mana cewa duk ramukan da tsatsa ta huda suna kusa da inda bututun baƙin ƙarfe ya haɗu da na jan ƙarfe. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna cikin ruwa mai ɗauke da gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, baƙin ƙarfen ya riƙa cinyewa, jan ƙarfen kuwa ko gezau. Ɓarnar takan fi muni idan baƙin ƙarfen ƙarami ne, kamar noti ko guntun mahaɗi, a jikin faffaɗan jan ƙarfe. Wani noti da suka kwance ya marmashe a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Sun raba ƙarafan da mahaɗai masu roba a tsakani, suka ɗaura sandunan ƙarfen maganiziyam a cikin na'urar musayar zafi, wadda ruwan ke bi ya ɗauke zafin injuna, domin su tsatsar ta ci maimakon baƙin ƙarfen, tunda ruwanmu na rijiyar burtsatse ne. Ba su sa sandunan tutiya ba, domin ita ta fi dacewa da ruwan teku. Sun kuma hana mai fentinmu shafe baƙin ƙarfen shi kaɗai, domin ƙaramar kafa a fentin za ta tattara ɓarnar wuri guda. Sannan suka sa sinadarin tolyltriazole, wanda ke hana jan ƙarfe narkewa ya je ya manne a jikin baƙin ƙarfe, suka rataya 'yan faranti na gwaji da ake aunawa bayan kwana 90 domin a ga yawan abin da tsatsa ta ci.

Inda suka gaza shi ne lokacin hunturu. Ƙurar Kaduna takan cika hasumiyar sanyaya ruwa, laka ta kwanta, tsatsa ta ɓuya a ƙarƙashinta, amma ba su kawo maganar sa na'urar tace ruwa ba sai da muka tambaya. Rahoton gwajin ruwa ma yakan makara, don haka duk mai niyyar ɗaukarsu ya sa ranar miƙa rahoto cikin yarjejeniya tun farko.