Sharhina kan dashen tuffar Bramley

Masu tambayata ta inbos kan tuffar nan da na dasa a bayan gida nan Ingila, to ga amsa gaba ɗaya. Sunanta Bramley, tsohon iri ne sosai, wata yarinya Mary Ann Brailsford ce ta shuka ƙwallonta a garin Southwell a 1809, daga baya wani mahauci Matthew Bramley ya sayi gidan sai sunansa ya bi ta, kuma duk wata Bramley ta yau daga reshen wannan uwar aka yi aurenta kamar dai yadda muke auren mangwaro.

Gaskiya ina sonta amma kar ka saya don gatsa. Tsami ne da ita ba na wasa ba, haƙoranka sai sun mutu. Ta girki ce. Kowace ɗaya ta cika tafin hannu, koriya da ɗan ja a gefen da rana ke bugawa, ka fere ka zuba a tukunya da ruwa kaɗan da suga, kafin ka wanke wuƙa ta narke ta yi laushi lugub, ƙamshi ya cika kicin, yarana da fanke suke shanyewa. In ka ajiye a wuri mai sanyi tana kaiwa watanni ba ta lalace ba, tsamin ma yana raguwa.

Inda matsalar take shi ne girma. Bishiyar akwai ƙarfi da faɗi, in filinka ƙarami ne ka tabbatar a kan gajeren gindi aka aura ta irin M26 ko M9, in ba haka ba wallahi za ta rufe maka lambu har da na maƙwabci. Sannan ba ta iya barbarar kanta sosai kuma garin furenta ba ya amfanar wata, don haka ana son wasu iri biyu a kusa masu fure lokaci ɗaya da ita, ni dai na ci sa'a maƙwabta na da su, ƙudan zuma suka yi sauran aikin. Wajen aski kuma a bi a hankali, tana yawan yin 'ya'ya a bakin reshe, ka datse duka ka datse amfanin baɗi.

Masu cewa in kawo musu reshe Kano ko Maraɗi ku yi haƙuri, sai ta sha dogon sanyin hunturu na Turai take fure yadda ya kamata, sanyin namu bai kai ba. Wanda ke nan Ingila kuma yana da fili, ya dasa tsakanin Nuwamba da Maris, tsinka sai wajen Oktoba.