Kwamfuta ko PlayStation: Wadda Ya Kamata Ka Saya Domin Wasan Gem

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tunda kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, ko kwamfuta ko na'urar wasa, kuma ka ce ƙwallo kake son bugawa da ƙannenka a gida, shawarata ita ce ka sayi PlayStation, ka jingine maganar kwamfuta zuwa wani lokaci. Idan aljihu ya ɗauka ka sayi PS5 mai cin faifai, idan kuma bai ɗauka ba, PS4 Slim mai lafiya za ta biya maka buƙata, kuma ita ce take ɗakina har yau.

Yawancin masu kwatanta waɗannan abubuwa biyu a intanet suna zaune ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, shi ya sa ba sa saka ta a lissafi, alhali a wurinmu ita ce farkon magana. PS4 Slim ba ta cika kai wat 100 ba ko da ana tsakiyar wasa, PS5 kuwa tana shan kusan wat 200, wanda hakan ke nufin ƙaramin janareta ko sola mai matsakaicin ƙarfi za su ɗauki na'urar da talabijin da fanka ba tare da wahala ba. Kwamfutar tebur da aka haɗa domin gem ba haka take ba. Katin sarrafa hoto na RTX 3060, wanda a wajen masu harkar matsakaici ne, shi kaɗai yana shan wat 170, kuma kamfanin Nvidia da ya yi shi ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 550, ga kuma sauran kayan cikin kwamfutar da allonta, kowanne da nasa cin. Wani zai ce maka ai laftof tana da batiri, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai da zarar ka zare caja laftof ɗin gem takan rage ƙarfinta da kanta domin ta tattala wuta, hoton ya fara sarƙewa, batirin kuma ba ya daɗewa idan wasan mai nauyi ne. Duk wadda ka zaɓa dai, ka ware kuɗin ƙaramin UPS, wato akwatin batirin da yake riƙe na'ura na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da na'ura take ajiye wasa ko take sabunta kanta yana iya lalata abin da ke cikinta.

Abu na biyu shi ne kwanciyar hankali. An fitar da PS4 a watan Nuwamba na 2013, aka biyo da Slim da Pro a 2016, kuma duk faifan da aka rubuta wa PS4 a jikinsa zai yi aiki a kan kowacce daga cikinsu, ba tare da ka tambayi kowa ko na'urarka za ta iya ɗauka ba. Bayan shekara 10 da fitowarta ba a daina yi mata wasan ƙwallo ba: FIFA 23, wanda shi ne na ƙarshe na kamfanin EA da ya ɗauki wannan suna, ya fito a kanta, haka ma EA Sports FC 24 da ya gaje shi a 2023, da FC 25, sannan eFootball na kamfanin Konami, wanda ya maye gurbin PES tun 2021, kyauta ake sauke shi. PS5 kuwa, da ta fito a Nuwamban 2020, tana karɓar kusan dukkan wasannin PS4, don haka faya-fayan da ka tara yau ba za su zama asara ba ranar da Allah ya hore maka ka canja.

Ni abin da ya sa na riƙe tawa da daraja shi ne yadda take tara mutane. Da Sallah ƙarama muka fito da talabijin zuwa zaure, muka ɗora shi a kan benci, aka shimfiɗa tabarma, hannu biyu kawai muke da su, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasan, kuma dokar ita ce wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa. Yaran gidan da na maƙwabta suka cika wurin har bakin ƙofa, kowa yana ba mai wasa shawarar wanda zai miƙa wa ƙwallo. Babban yayanmu, wanda ya daɗe yana cewa wannan ɓata lokaci ne, ya zo wucewa ya tsaya yana kallo, can sai ya ce a ba shi ya gwada, ɗan autan gidan ya zauna a gefensa yana nuna masa maɓallin bugu da na miƙawa, yana kama masa yatsa yana ɗorawa. Da ya jefa ƙwallo a raga sai da matan gida suka leƙo saboda ihun yara. Da aka kira sallar La'asar muka sa na'urar ta yi barci, muka tafi masallaci, muka dawo muka tarar da wasan a inda muka bar shi. Ba wanda ya taɓa wani saiti a ranar, ba wanda ya jira wani abu ya gama sauka, kuma yaron da bai kai shekara 10 ba shi ne yake kunnawa yana kashewa. Irin wannan zama ake yi wa na'urar wasa tun daga ƙirarta, shi ya sa za ka ga masu gidajen gem na unguwanni ita suke jerawa.

Kwamfuta ma tana karɓar hannu biyu, kuma ana iya jona ta da talabijin, ban musa ba. Na taɓa riƙe kwamfutar tebur domin gem, lokacin da nake kashewa wajen gyara saiti da sabunta manhajar katin hoto ya kusa kai wanda nake yi ina wasa, kuma ranar da na sayar da ita ban yi kewarta ba. Duk da haka zan faɗi haƙƙinta. Wasanni sun fi arha a kanta, domin kasuwar Steam ta kamfanin Valve, wadda take aiki tun 2003, takan yi rangwame mai yawa sau da dama a shekara, kasuwar Epic kuma takan ba da wasa kyauta duk mako, har GTA V ta taɓa bayarwa a watan Mayun 2020. Ba a biyan kuɗin wata kafin a yi wasa da mutane ta intanet, saɓanin PlayStation inda sai da rajistar PlayStation Plus, in ban da wasannin kyauta irin su Fortnite da eFootball. Wasannin harbi da na tsara dabarun yaƙi sun fi daɗi da linzami da allon rubutu, kuma idan kana da kati mai ƙarfi hoton zai fi na kowace na'ura kyau. Babbar hujjarta ita ce aiki: ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, ko mai haɗa bidiyo, ko mai koyon rubuta manhaja, wannan kwamfuta ya kamata ya saya, gem ya zo a matsayin ƙari. Kai ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don haka ban ga dalilin da za ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Akwai kuma maganar jira. GTA V ya fito a na'urorin wasa a watan Satumba na 2013, masu kwamfuta ba su same shi ba sai Afrilun 2015, God of War na 2018 kuma sai a Janairun 2022 ya isa kwamfuta.

Inda na'urar wasa take cizo shi ne kuɗin wasannin, domin sabon babban wasa na PS5 yakan kai dala 70, kuma farashin komai a wannan harka dala yake bi. Maganin wannan shi ne faifai. Faifai ana aronsa, ana musayarsa da aboki, ana sayar da shi idan an gama, kuma idan sabon wasan ƙwallo ya fito na bara yakan faɗi ƙasa warwas, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kada arha ta ja ka zuwa PS5 marar cin faifai, wadda aka fitar a kan dala 399 lokacin da mai faifan take dala 499, haka ma Xbox Series S, wadda ita ma ba ta da wurin faifai. Duk wasan da za ka yi a kansu sai ka sauke shi, wasu manyan wasannin sun haura gigabait 100, kuma ka san abin da hakan yake nufi a kuɗin data. Ƙari a kan haka, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da kasuwar PlayStation take karɓa, shi ya sa mutanenmu suke buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, su riƙa sayen katin kuɗi na ƙasar suna lodawa. Idan za ka yi haka ka tabbata katin na ƙasar asusunka ne, domin katin Ingila ba ya shiga asusun Amurka, kuma kai da kanka za ka buɗe asusun da adireshin imel ɗinka, kada ka bari mai shago ya buɗe maka da nasa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kansa ba, domin a nan ne kuɗin mutane yake salwanta. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, akwai kuma waɗanda suke rayuwa a kan rashin sanin mai saye, kuma a harkar na'urorin da aka yi amfani da su da na tokumbo sun fi yawa. Za a nuna maka PS4 a ce an cika ta da wasa 20 ko 30, farashinta kuma ya ɗara na sauran kaɗan, sai ka ga kamar ka tsinci dami a kala. Wasannin nan ta hanya biyu suke shiga. Ko dai an fasa tsaron na'urar an zuba mata na sata, wanda hakan ke nufin ba za ka shiga intanet da ita ka yi wasa da kowa ba, kuma ranar da wani yaro ya danna sabuntawa komai ya rufe. Ko kuma wasannin suna kan asusun wani mutum da ba ka sani ba, wanda duk ranar da ya canja kalmar sirri ko ya cire na'urarka daga asusunsa, za ka wayi gari ka ga alamar kwaɗo a kan kowane wasa. Akwai ma na'urar da kamfanin Sony ya haramta wa shiga intanet gaba ɗaya saboda laifin mai ita na baya, a ido lafiyarta ƙalau, ba za ka gane ba sai ka jona ta. Don haka ka tafi da wayarka da data, ka jona na'urar a gaban mai shago, ka shiga asusunka, idan ya hana ka to ka kama hanyarka.

Kada ka yarda da gwajin minti biyu. Ka sa faifai ka ga ta karɓa ta kuma fitar da shi, ka bar wasa mai nauyi yana gudana kamar rabin sa'a kana sauraron fankarta, domin wadda ƙura ta toshe ko wadda zafi ya taɓa ci sai ta ɗumama take fara ƙara ko ta mutu da kanta. Ka duba takardar hatimin da ke bayanta ka ga ko an taɓa buɗe ta, ka ɗan motsa wayar HDMI, wadda take kai hoto zuwa talabijin, a raminta ka ga ko hoton zai ɗauke. Hannu kuwa jabunsa ya cika kasuwa, a kwali mai kyau kamar na asali. Na jabu yakan fi sauƙi a tafin hannu, maɓallansa suna da tauri, batirinsa kuma ba ya riƙe caji. Ko na asali ne, ka shiga wasa ka saki sandunan biyu ka zuba ido, idan ɗan wasanka ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, sandar ta gaji.

Idan kuma ka ƙi shawarata ka nufi kwamfuta, ka ƙara buɗe ido, domin ha'incin can ya fi wuyar ganewa. Za a ce maka laftof Core i7 ce ta gem, wato mai ƙwaƙwalwar kamfanin Intel samfurin i7, alhali i7 ɗin na zamanin 2012 ne kuma ba ta da katin hoto na daban. Ka tambayi zubi na nawa ne, domin Windows 11 daga zubi na 8 na Intel yake farawa a hukumance, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Akwai tsofaffin katunan hoto da ake canja wa suna a cikin manhajarsu su riƙa nuna lambar sabo, akwai kuma waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana a wajen masu haƙar kuɗin kirifto, waɗanda suka cika kasuwa bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da wannan hanya a Satumban 2022. Ƙaramar manhajar GPU-Z tana taimakawa wajen tona asirin kati, amma ya fi kyau ka tafi da wanda ya san harkar kuma ba abokin mai shagon ba ne.

Ka sayi PS4 Slim ko PS5 mai faifai, wadda ba a fasa ba kuma ba a zuba mata komai ba, da hannu biyu na asali da faifan ƙwallo ko da na bara ne. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da adadin kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai, a rubuce, da sa hannun mai shagon. Idan ka kai ta gida kada ka kulle ta a cikin durowar talabijin, ka ajiye ta inda iska take ratsawa, ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, musamman da hunturu lokacin da ƙura take shiga ko'ina.