Dao daga Longquan: ruwan takobin ya yi, mariƙin ya ɓata min rai

Masu tambayata daga ina na samo takobin Sinawan nan, wato dao, da na sa hotonsa kwanakin baya, da kuma ko yana da inganci, ga amsarku gaba ɗaya. Daga wani shagon intanet na garin Longquan ya fito, garin maƙeran takubba da ke lardin Zhejiang a ƙasar Sin. Sunan shagon ba zan kama ba, masu harkar sun san irinsu kuma sun san farashin. Ƙanena da ke sarin kaya a Yiwu, cikin lardin guda, shi ya karɓa ya haɗo min da kayansa.

Liuyedao na nema. Sinawa suna da jian, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, wanda ya fi kusa da takobin da mahayanmu ke ratayawa ran hawan sallah, suna kuma da dao mai kaifi ɗaya. Shi liuyedao dao ne da lanƙwasarsa ke tafiya a hankali tun daga gindi har tsini, kuma shi sojojin daular Ming da na Qing suka fi ratayawa. Yanmaodao a miƙe yake, sai kusa da tsini ya karkata. Shi kuwa niuweidao mai faɗin baki, wanda finafinan kung fu suka sa kowa ya sani, na farar hula ne, a ƙarni na 19 ya yaɗu. Fargabata ita ce a turo min wannan na finafinai a ce duk ɗaya ne. Ba a yi min haka ba, abin da na nema shi ya zo, kuma na yaba musu a kan wannan.

Ruwan takobin kam, masha Allah. Kwari biyu ne a jikinsa, an fitar da su sambal, babu inda layi ya kauce. Akwai tunkou, ɗan ƙarfen adon nan da ke rungume da gindin ruwan, ya zauna daram. Nauyinsa ya tafi gaba kaɗan yadda ya kamata takobin sara ya kasance, amma ba ya jan wuyan hannu. Na naɗe tabarma na jiƙa ta, sara ɗaya ya raba ta, bakin bai lotsa ba. A lokacin da an ce in ba shi maki, cikakke zan bayar.

Ana cikin gwajin ne na ji wani ƙas-ƙas a tafin hannuna. Na girgiza shi, sai na ga faifan da ke kare hannu yana motsi, mariƙin ma yana ɗan juyawa. Nan na tsaya. Na naɗe shi a buhu na kai wa wani dattijon maƙeri a unguwarmu, wanda ya daɗe yana gyara wa mahaya takubba kafin sallah. Ya juya gindin mariƙin, ya ga noti ne ya riƙe shi, tun nan fuskarsa ta canza. Ya kwance, ya zare itacen.

Jama'a, abin da ke ciki ya tayar min da hankali. Wutsiyar ƙarfen da ya kamata ta fito daga jikin ruwan ta ratsa mariƙin gaba ɗaya, tsawonta bai wuce yatsa biyu ba. Daga nan sai aka yi mata walda da wani siririn rodi mai zare, kamar tsinken tsire, shi ne ya tafi har gindi aka ɗaure da noti. Waldar ma ta riga ta tsage ta gefe ɗaya. Dattijon ya sa farce a tsagar ya nuna min.

"Alhaji, da wa da wa ke wurin lokacin da kake saran?"

"Baba, yara na tsakar gida suna kallo."

"To ka gode wa Allah. Sara biyu ko uku nan gaba, itacen zai rage a hannunka, ƙarfen ya tashi. Inda zai sauka kuma ba kai za ka zaɓa ba."

Wallahi har yanzu in na tuna maganar nan jikina sanyi yake yi. Kuma wannan ba ƙirar Sinawa ta asali ba ce. A tsoffin dao, wutsiyar da ruwan ƙarfe guda ne, takan ratsa itacen ta fito ta gindi a daddake kanta ta baje, sau da yawa kuma akwai rami a mariƙin da ake zura igiyar da ke riƙe wuyan hannu. Sojan da zai hau doki da shi ba zai yarda da walda ba. Wanda ya iya fitar da ruwa mai kyau haka ya san wannan sarai. An dai rage aiki ne a inda mai saye ba ya gani.

Na tura wa shagon hotuna. Amsar da na samu ita ce takobin na ado ne, ba a so a yi sara da shi. Na mayar musu da hoton tallarsu, inda suka nuna ana sare gora da shi. Sai suka ce za su yi min rangwame in na sake sayen wani. Wannan amsar ta fi waldar ƙona min rai, domin maganar ran mutum ake yi, su kuma ciniki na gaba suke hange.

Daga nan na koma ina duba sauran da idon basira, abubuwan da na kau da kai a kansu suka dawo. Kuben an ce an lulluɓe shi da fatar kifin nan mai ƙurji-ƙurji da ake sa wa takubban manya. Da na kankare ta ciki, roba ce. Zoben da ake ɗaura hamila ɗaya ya fi ɗaya sako-sako. A cikin kwalin kuma akwai kati mai ɗauke da tarihin Ou Yezi, maƙerin da ake danganta asalin sana'ar garin da shi, da bayanin cewa a 2006 gwamnati ta sa ƙirar takubban Longquan cikin al'adun gado na ƙasa. Har da hoton takobin Sarki Goujian na tagulla, wanda aka tono a lardin Hubei a 1965 da kaifinsa bayan fiye da shekara 2,000 a kabari, yana gidan tarihi a Wuhan yanzu. Duk gaskiya ne, shi ya sa abin ya yi min ciwo. Da sunan maƙeran kirki na garin aka sayar min da wannan. Shagon har yana da sashen da ya kira tsoffin makaman zamanin Qing, alhali ƙa'idar ƙasar ta hana fitar da kayan tarihi da aka yi kafin 1911. Yanzu ko kallon sashen ba na yi.

Mai son abin ratayewa a bangon falo, takobin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Mai son ya yi sara ko atisaye da shi, kada ya biya ko sisi sai an turo masa hoton wutsiyar tsirara, ba mariƙi, kuma na takobin da za a aiko masa. In suka yi ta kwana-kwana, ya nemi wani shagon.

Nawa yana maƙera. Baba ya ce zai yanke rodin, ya ci daga gindin ruwan ya fitar da sabuwar wutsiya, ya daddake ta yadda ake yi a da. Tunkou ɗin zai tafi, tsawon kuma zai ragu da kusan faɗin tafin hannu, ga kuɗin aiki daga aljihuna. Rangwamen da shagon ya yi min tayi na ce su riƙe abinsu.