Wane madubin hangen nesa ya dace da mai kallon shaho da mujiya?

Duk wanda yake son kallon shaho ko shirwa a fadamun Haɗejia, musamman wajen dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, zai tarar da madubin hangen nesa iri-iri a kasuwa, daga ciki akwai 8x42 da 10x50 da 10x25. Lambar farko tana nuna sau nawa madubin yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita.

Ni dai 8x42 nake riƙewa, kuma mujiya ce dalili. Ba ta fitowa daga kogon kuka sai da almuru, lokacin da haske ya yi ƙaranci, kuma idan aka raba 42 da 8 za a samu haske mai faɗin milimita 5 da 'yan kai yana shiga ido, wanda ya isa a ga fuskarta sarai tana dakon ɓeraye a bayan rumbu. Filin da yake nunawa yana da faɗi, saboda haka idan shaho ya kawo sura kan 'yan tsaki, ana iya bin sa ba tare da ya ɓace ba. Nauyinsa ma ba ya gajiyar da wuya ko an wuni da shi.

Shi 10x50 yana da haske, amma yana da nauyi, ga shi yana bayyana rawar hannu. Na 10x25 kuwa na aljihu ne, da rana ta faɗi aikinsa ya ƙare.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne guje wa jabu. Na taɓa sayen wani a hannun ɗan gwanjo, an rubuta 60x90 a jikinsa, gilashinsa ja wur yana ƙyalli, mai shi yana rantsuwa cewa na sojoji ne. Da na je gona na ɗaga shi kan wata shirwa a bisa tsamiya, sai na ga shirwa biyu, domin bututun biyu ba su daidaita ba, kuma kafin la'asar kaina ya ɗau ciwo. Da damina ta zo, raɓa ta taru a cikinsa har ya yi fumfuna. Madubin da ake riƙewa a hannu ba ya kusanto da abu sau 60, kuma gilashin nan da na auna bai kai ko milimita 40 ba.

Saboda haka kada a biya kuɗi a cikin rumfa. A fito da shi waje, a dubi falwaya ko wayar lantarki daga nesa, a ja ido baya kaɗan a ga ko layin ya karye biyu. A girgiza shi kusa da kunne ko wani abu yana motsi a ciki, sannan a tambaya ko an toshe shi yadda ruwa da ƙura ba sa shiga. Idan mai kaya ya hana a fita da shi, a ajiye masa kayansa.