Manhajar MEGA da bishiyar dangin Trypanosoma

Manhajar MEGA, wadda Sudhir Kumar da Koichiro Tamura da Masatoshi Nei suka fara fitarwa a 1993, kyauta ake sauke ta, kuma aikinta shi ne zana bishiyar dangantaka tsakanin halittu daga jerin ƙwayoyin gadonsu. Na gwada ta da jerin 18S rRNA, wato ƙwayar gadon ƙaramin ɓangaren ribosom, na wasu nau'o'in Trypanosoma, ƙwayar cuta mai rayuwa a cikin jini, da na ɗebo daga rumbun GenBank: brucei mai haddasa ciwon barci, da cruzi mai haddasa cutar Chagas a Latin Amurka, da congolense da vivax masu jawo sammore ga shanu.

Ta fuskar sauƙi ba ni da abin kushewa. Manhajojin ClustalW da MUSCLE suna cikinta don daidaita jeri, kuma mai koyo zai iya fitar da bishiya ba tare da ya rubuta umarni ko ɗaya ba. Ta haɗa cruzi da wani nau'in mai suna rangeli da nau'o'in jikin jemagu a reshe guda, ta kuma kasa raba nau'in evansi da brucei, wanda ba laifinta ba ne, domin a wannan ƙwayar gado bambancinsu bai taka kara ya karya ba.

Inda na yi mata ƙorafi shi ne wajen nau'o'in Afirka da ƙudan tsando ke yaɗawa. Jerinsu yana sauyawa da sauri fiye da na sauran, musamman na vivax, saboda haka rassansu kan yi tsawo, kuma dogayen rassa sukan ja juna su haɗu ko da babu kusanci a tsakaninsu. Irin wannan ruɗi ne ya sa wasu binciken farko suka nuna kamar brucei da cruzi ba tsatso ɗaya suka fito ba, sai da aka ƙara yawan nau'o'i, aka kuma duba wata ƙwayar gado daban mai suna gGAPDH, sannan hujja ta rinjaya cewa kakansu ɗaya. MEGA ba ta gargaɗi a kan haka. Duk abin da aka zuba mata za ta zana shi tsaf, har da alƙaluman tabbaci masu kwantar da hankali. Yankunan V7 da V8 na jerin 18S rRNA, inda tsawon jerin ke bambanta, dole mutum ya bi su da ido ya gyara da hannunsa.

Ga ɗalibi da mai son tantance nau'in da ya samu a jinin dabba, ta wadatar. Wanda kuwa yake neman saiwar bishiyar, zai buƙaci ya gwada sakamakonsa a wasu manhajojin zana bishiya kamar MrBayes ko IQ-TREE kafin ya yarda da shi.