Masu Golf 3 a yi hattara da mai tallar giyabos ɗin Beljiyam a Facebook

Salamu alaikum jama'a, don Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa ƴan uwa direbobi, musamman masu Golf 3 da ke lodin Kano zuwa Zariya da Katsina. Akwai wani mutum da ke tallar giyabos na manuwal a Facebook da guruf guruf na WhatsApp, zai ɗora bidiyon kaya jibge a sito ya ce Beljiyam ne daga Kwatano ba a taɓa ɗaura su a ƙasar nan ba, kuɗin kuma ƙasa da na Ƙofar Ruwa nesa ba kusa ba. Kama suna ba shi da amfani don kullum cikin canza suna da lamba yake, salon aikinsa za ku riƙe.

Ƙanena ne ya faɗa hannunsa. Motarsa ta fara tofar da giya biyar, yana cikin gudu sai sandar ta dawo firi da kanta, ga kuka kuma idan ya taka mai. Wanda ya san motar nan ya san ciwonta ne, giya biyar ɗin a can ƙarshen akwatin take, idan man giya ya zurare ta sil ɗin shaf, wato robar da ke tare man, ita ce ke fara ƙonewa, kuma bakanike mai hannu zai iya buɗe murfin gefe ya gyara ta ba tare da ya sauke giyabos ɗin gaba ɗaya ba. Amma da yaron ya tura wa mutumin nan bidiyon ƙarar sai ya ce masa ai Malam wannan ya mutu murus, kar ka ɓata kuɗinka, turo min tsohon in rage maka wani abu in aiko maka da mai lafiya, garanti sati guda. To nan ne cutar take wallahi, tsohon naka yake so tare da kuɗinka.

Kaya ya iso tasha yana ƙyalli, an fesa masa fenti ruwan azurfa har kan notuna. Aka ɗaura, farko shiru kamar gaske. Da mota ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi sai giya biyu ta fara ƙarar ƙarat duk sanda aka saka, uku ma sai da ƙarfi, ƙasan mota kuma na ɗigar mai. Bakaniken ya kwance noti ya juye man a gabana, abin da ya fito kauri kamar kunu, giris aka dama da baƙin mai don ya danne ƙara, ka shafa a yatsa ka ji garin ƙarfe yana ƙyalƙyali. Da aka kankare fentin sai ga jan gam a duk mahaɗar akwatin, kawunan notuna duk sifana ta cinye su, a ƙasa kuma wajen difrenshal akwai huda da aka like aka shafe. Wato kayan gida ne da ya gama aiki aka yi masa wanka.

Da aka kira mai tallar cewa ya yi garantin daga ranar da alat ya shigo ake lissafi, kwanakin da kaya ya yi a hanya ba ruwansa, kuma tunda an taɓa noti magana ta ƙare. Daga nan ya yi bulokin. Abin haushin ma, bayan ɗan lokaci sai ga tsohon giyabos ɗin ƙanena a sabon bidiyonsa an wanke an fesa, bakaniken ne ya gane shi da shaidar da ya buga masa da kurfi. Yanzu haka wani bawan Allah ake jira ya saya.

Ni dai shawarata, kafin wani ya ce maka giyabos ya mutu a fara duba man giya, a yawancinsu lita biyu ne kusan yake sha kuma man giya mai lamba 75W-90 ake zuba masa, ba baƙin man inji ba. A duba wayar kuloci da robobin sandar giya, sau da yawa su ne ke hana giya shiga, kuma ɗan ƙarar da ribas ke yi ba mutuwa ba ce. Idan sayen ya zama dole ka je da bakanikenka shago mai adireshi, ku duba haruffan da aka buga a jikin akwatin su dace da motarka don na dizal da na fetur ba ɗaya ba ne, ku juye man a gaban mai kaya, a rubuta a rasit cewa garanti daga ranar ɗaurawa ne. Tsohon naka kuma kar ya bar hannunka sai sabon ya yi tafiya mai nisa da lodi.

Sunan da ke kan akawun ɗin da mai tallar ya bayar ma daban yake da wanda yake amsawa. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana rasit ɗin taransfa da hirarsu ta WhatsApp, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri sannan ya sanar da ƴan sanda, mu ma abin da muke kai ke nan.