Ajin Turancin bayan magariba da na shiga a Kano

Sati shida ke nan ina zuwa wani ajin Turanci a nan Kano, saboda jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, da ke gabana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, daga asibiti nake wucewa, wani lokacin ko farin kayana ban cire ba.

A sati na biyu Malam ya dawo mana da takardunmu. Ya ja jan biro ƙarƙashin jimlata: "I didn't see nobody." Gabana ya faɗi, don a sakandare irin wannan bulala ake sha a kai. Shi kuwa sai ya ce, "Hajiya, a ina kika tsinto wannan?" Na ce a bakin ɗan yayata da ya tashi a Landan. Ya ce yaron bai yi laifi ba, haka ake magana a unguwanni da yawa can, haka ma baƙaƙen fatar Amurka da dama, kuma duk mai jin su ya san nufinsu ba su ga kowa ba. Tsofaffin marubutan Ingila ma sun sha jera korewa (kalmomi irin su "not" da "nobody") biyu har uku a jimla ɗaya. Sai a ƙarni na 18 masu rubuta nahawu, irin su Robert Lowth, suka kafe a kan cewa korewa biyu na soke juna, ƙa'idar ta zauna a makaranta da jarida da jarrabawa.

Sannan ya rubuta "ba mu ga kowa ba" a allo, ya zagaye "ba" ta farko da ta ƙarshe, ya ce wane Bahaushe ne zai ce sun soke juna? Aji ya yi tsit. Wallahi a wurin na daina jin kunyar Turancina. Ya ce in rubuta "anybody" ga mai maki, in bar wa yaron nasa karin harshen.

Inda ajin ya gaza shi ne cunkoso. Mun kusa talatin, fanka ɗaya, in an ɗauke wuta sai fitilar waya. Atisayen magana kuma bai isa ba, sau biyu kacal layi ya zo kaina, alhali ɓangare ne guda a jarrabawar.

Duk da haka na biya kuɗin zango na gaba. Mai son shiga ya riƙa zuwa da wuri, bencin gaba ne kaɗai ake jin Malam sosai.